Girbin Gonar da Ba a Shuka Ba

Duk mai ɗa mai kaifin baki a Kafin Hausa, don Allah ya cire shi daga fadama tun kafin faso ya cinye masa ƙafa, ya kai shi karatun lauya. Ba lauyan rabon gado ko rikicin iyakar gona ba, wanda ake sallama da buhun gero da "Allah ya saka". Lauyan manyan kamfanoni nake nufi, mai shari'ar kwangila, wanda ko gaisuwa ka tsaya yi da shi sai ta fito a takardar kuɗinsa. Na daɗe ina raina sana'ar nan, sai da na bi labarin kamfanin P&ID na gane jahilcina.

A watan Janairun 2010, Shugaba Umaru 'Yar'aduwa yana jinya a Saudiyya, ma'aikatar man fetur ta ƙulla yarjejeniya da wannan kamfani na wasu Turawan Ailan biyu, Michael Quinn da Brendan Cahill. Gwamnati za ta kawo iskar gas, su kuma su gina masana'antar tace ta a Kalaba, a yi shekara 20 ana cin moriya. Gwamnati ba ta kawo gas ba. Su ma ko bulo ɗaya ba su aza ba. Da a kasuwarmu ne, sarkin kasuwa zai ce an yi canjaras, kowa ya kama gabansa kafin la'asar. Ai shi ya sa har yau muke nan inda muke.

Lauya kuwa ya dubi fili fetal ya hango rumbu. Aka kai ƙara gaban masu sasanci a Landan a 2012, a 2017 suka yanke cewa Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, wato ribar da kamfanin zai ci da an yi aikin. Ka kwatanta da abin da muka sani. Ka yi wa mutum alkawarin irin shinkafa ba ka kai ba, shi ma bai yi sharar gona ba, ko fartanya bai saya ba. Sai ga shi ya zo karɓar kuɗin girbin damina 20, kowacce cikakkiya: jan-baki bai sauka ba, kacalla ba ta toshe hanyar ruwa ba, kogin Haɗeja ya yi shekara 20 yana tafiya a ladabce. Manomin Bulangu da ya tsufa a kan kunya bai taɓa ganin irin wannan damina ko a mafarki ba, amma lauya ya noma ta a kan takarda, ya sheƙe, ya auna, ba tare da rigarsa ta yi ƙura ba.

Sai kuɗin ruwa, kashi 7 cikin 100 a shekara, fiye da dala miliyan 1 kowace safiya, har bashin ya kai wajen biliyan 11 a 2023. Mu da ruwa ya zo mana a 2022 gonaki ya cinye, ya kwantar da ɗakuna. Nasu ruwan haihuwa yake yi suna barci.

Wani abin yabon shi ne son karatu. Ana cikin shari'a, takardun sirri na tsakanin Najeriya da lauyoyinta suka riƙa isa hannun ɓangaren kamfanin, lauyoyinsa Seamus Andrew da Trevor Burke kuma, saboda girmama ilimi, ba su mayar ba, suka adana. Ɗan kokawar da ake kawo wa labarin inda abokin karawarsa ya ɗaura laya, wa zai kira shi rago? Ga zumunci kuma. Grace Taiga, lauyar ma'aikatar da ta yi aikin yarjejeniyar, kamfanin bai manta da ita ba, ya yi ta aika mata ihsani.

Abin takaici, aka samu wani alƙali a Landan, Robin Knowles, wanda bai san darajar gumin mutane ba. Ranar 23 ga Oktoban 2023 ya kira ihsanin nan cin hanci, ya ce da zamba aka samo hukuncin, daga baya ya rushe shi. A nan muka ji la'adar da ta suɓuce: Andrew zai iya tashi da fam biliyan 3, Burke da miliyan 850. Dillalin shanu na Maigatari ya je ya sake koyon sana'a.

To, mun ci shari'a, alhamdu lillahi. Namu lauyoyin, masu irin baƙar rigar, sun kawo lissafin wajen fam miliyan 44, kotu ta ce a karɓo daga kamfanin nan da bai aza bulo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan ƙanena ya gama sakandare bana, kuma tun shekaranjiya na ɓoye fartanyarsa.