Jinjina ga Mushen Ingilishi na Unguwar Zariya

Duk ɗan Maraɗin da bai gode wa Allah da ya ba unguwar Zariya wannan mushe ba, butulu ne. Tun da kundin ƙasa na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, samari suka bazama neman Ingilishi ruwa a jallo. Shi kuwa bawan Allah bai bar su cikin duhu ba. Ya share zaure, ya jingina allo, ya jera benci. Masu hassada na tambayar ina ya yi karatu. Haba jama'a! Mutumin da ya daɗe yana bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa sarin atamfa a Kantin Kwari, shi za a tambaya takarda?

Babbar baiwarsa tana wajen sifa da bayanau. Malaman koleji sukan ci wata guda suna nanata wa yara cewa sifa tana bayyana suna, bayanau yana bayyana aikatau, good daban, well daban. Mushe ya gama da zancen kafin a kira isha'i: ka ga sifa, ɗaura mata ly a wutsiya, kamar yadda Bafaranshe ke ɗaura ment. Quick ta zama quickly, slow ta zama slowly, sai tafi. Fast ma bai bar ta tsirara ba, ya sa mata riga ta koma fastly. An ce ba a faɗin haka a Landan. To laifin wa? Su suka yi nisa da Zariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar da yake koya wa yara. Ɗalibinsa in zai nemi aiki, sai ya rubuta I hardly work, a nufinsa shi jarumin aiki ne, mai karatu kuwa ya fahimci da ƙyar yake taɓuka komai. A wannan zamani da kowa ke yabon kansa, ina za ka sami mai neman aiki da zai tona asirinsa tun a layin farko? Haka in zaman banza ya ishe shi, ba zai ce I am bored ba, cewa zai yi I am boring, wato shi ne mai gundurar mutane. Tawali'u ya kai nan?

Ga shi da hannun kyauta. Inda marowatan malamai ke cewa better ta wadatar, shi more better yake bayarwa, wani lokaci har da gyara, more betterly. Shi ya sa ake hawo kabu-kabu daga Tibiri, wasu daga Jiratawa da ƙullin zogale na alheri, don kada a yi babu su.

Masu gyaran jarrabawar BEPC dai har yanzu ba su kai ga fahimtarsa ba, suna ta zubar da jan biro a kan takardun ɗalibansa. Bai yi fushi ba. Ya ƙara kuɗin wata, ya sayo benci na huɗu, kuma ya ce ranar da jirgin ƙasan Kano ya iso Maraɗi, ɗalibansa ne za su yi wa baƙi tafinta.