Gidan Waya Na Hamma, Tasha Na Lodi

Duk mai cewa mutane sun daina aika saƙo bai taɓa tsayawa a tashar motar Jega da hantsi ba. Garin mahaɗa ne: hanyar Sakkwato ta ratso Aliero ta faɗo nan, ta Birnin Kebbi ta iso, ta Yawuri ta miƙe ta Maiyama. Kowace mota za ta tashi, saƙonnin cikinta sun fi fasinjojin yawa. Ga takardun makaranta a ambulan, ga ɗinkin amarya, ga wayar da aka kai gyara, ga buhun albasa, har da zakara ɗaure da tsumma. Wannan duka aikin gidan waya ne, amma hukumar NIPOST na can tana kukan ƙarancin kuɗin shiga kamar mai sayar da ruwa a bakin Gulbin Zamfara. A ganina ba ciniki ne ya ƙare ba. Halinmu da halin hukumar ne suka haɗu suka kai shi tasha.

Za a ce wayar salula ce ta yi kisan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Lokacin da aka raba tsohuwar ma'aikatar P&T a 1985, aka fitar da NITEL da NIPOST, wasiƙa ce sarauniya. Da ita ake neman aiki, da ita ake gaida iyaye, da ita masu saurare ke aika wa Sashen Hausa na BBC tambayoyi, su tura gaisuwa shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Shigowar salula a 2001 ta kwashe wannan kasuwa, kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba, don a Denmak ma kamfanin PostNord ya sanar da daina raba wasiƙu daga ƙarshen 2025. Sai dai salula ba ta ɗaukar kaya. Hasali ma ƙara su ta yi, domin duk atamfar da matar aure ta gani a WhatsApp ta saya daga Kantin Kwari, dole wani ya ɗauko ta daga Kano ya kawo Maiyama. Tambayar ita ce me ya sa wannan wanin bai zama gidan waya ba.

Amsa ta farko, mun tashi mun tarar kai saƙo zumunci ne, ba sana'a ba. Shi ya sa mai hankali ke ɓoye ranar tafiyarsa Kaduna fiye da yadda yake ɓoye albashinsa. Da labari ya fita, kafin asuba za a yi sallama a ƙofa: “Kawu, ɗan saƙo ne, ba nauyi.” In aka shigo da shi, rabin buhun shinkafa ne da jarkar man gyaɗa mai yoyo. Ladan ɗauka kuwa “Allah ya kiyaye hanya.” Hukumar da ke ɗora kaya a sikeli ta yanka farashi ba za ta iya gasa da Kawu ba. In babu mai tafiya, sai direba. A rubuta lambar waya a jikin buhu, a damƙa masa abin da ya samu, ba rasit ba shaida. In kaya suka salwanta a hannunsa, ƙaddara ce, a yi haƙuri. Amma bari ambulan ɗaya ya yi jinkiri a gidan waya, ranar za a ji yadda ƙasa ta lalace tun daga mulkin soja.

Ta biyu ita ce adireshi, wanda muke gudu da gangan. Najeriya na da lambar yanki mai alƙaluma 6 don raba wasiƙu, amma a tara ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero a tambaye su ta garinsu, za a ga masu lissafi suna kallon rufin ɗaki. Adireshinmu na gaskiya shi ne: bayan gidan mai, ka wuce darbejiya ta biyu, gida mai shuɗiyar ƙofa, in ka ɓace ka tambayi yara. Darbejiyar an sare ta bara, ƙofar an sake mata fenti, yaran kuma sai sun tabbatar ba bashi ka zo bi ba kafin su nuna. A nan sirrin yake. Lamba a ƙofar gida tana sauƙaƙa wa ma'aikacin gidan waya, amma tana sauƙaƙa wa mai bin kuɗin taki da mai tara gudunmawar biki. Magidanci ya auna riba da hasara, ya ga gara wasiƙar ta ɓata.

Ita ma hukumar ba a bar ta a baya ba wajen son na banza. A 2020 ƙasa ta sha kallon cacar baki tsakaninta da hukumar tara haraji ta FIRS kan wa ke da ikon karɓar harajin kan sarki, wato naira 50 ɗin nan da banki ke zarewa idan kuɗi suka kai naira 10,000. A watan Yulin shekarar kuma ta tsauwala kuɗin lasisin kamfanonin kai saƙo, har ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce ba da amincewarsa ba, ya sa aka dakatar. Dabarun biyu abu guda ya haɗa su: kuɗi su shigo ba tare da an ɗaga ko kwali ɗaya ba. Mu muna son a kai mana kaya ba biya, ita tana son a biya ta ba kai kaya. An yi gamon jini.

Masu cewa a sayar da ita a huta, su fara faɗa mana ɗan kasuwar da zai tura mota Mungadi ko Andarai saboda takarda guda. Kamfani Legas da Abuja yake so, inda titi ke da suna, mai karɓa kuma ke da canji. Abin da ya fi kama hankali shi ne gidan waya ya kwashi teburinsa ya koma tasha, ya ƙulla yarjejeniya da 'yan yuniyan. Direba ya ci gaba da ɗauka, hukuma ta ba da rasit, ta ajiye kaya a ɗaki mai makulli, ta biya diyya in sun ɓata. Ɗan kasuwar albasa da ke aika takardun ciniki, ko uwar da ke tura wa ɗanta takardar shaidar kammala karatu, za su biya don wannan tabbaci, tunda sun san haƙurin direba ba ya dawo da satifiket. Tsofaffin ofisoshin kuma su zama wurin ajiya da cirar kuɗi. Indiya ta buɗe bankin gidan waya a 2018, mu kuwa mun bar wannan ciniki ga yaro mai POS da lema.

Za a ce direbobi ba za su yarda ba, kuma masu faɗin haka sun san tasha. Kuɗin saƙo shi ne kuɗin da mai mota bai san da shi ba, rasit kuwa tonon asiri ne. Sai an ware wa direba da kamasho kasonsu a fili, kuma ya fi abin da suke samu a ɓoye. Sauran wahalar ta agogo ce. Motar farko kan tashi da an sallame sallar asuba, ofishin gwamnati kuwa sai ƙarfe 8, shi ma a takarda. Kafin mai hatimi ya gama karin kumallo ya samo kabu-kabu, buhun da aka zo yi wa rasit ya wuce Koko.