Tsatsa Mai Tsada

A Amurka tsohuwar libarba sai an binciki asalinta kamar mai neman aure. Masu tara irinta kan biya kamfanin ƙera bindigogi na Colt kuɗi ya duba tsofaffin littattafansa, ya rubuto musu ranar da ta bar masana'anta da dillalin da ya karɓe ta. Kada ka kuskura ka goge mata dattin tsufa don neman lada, farashin ka kankare. A 2021, libarbar da jami'in tsaro Pat Garrett ya harbe ƙasurgumin ɗan bindiga Billy the Kid da ita a 1881 ta haura dala miliyan 6 a gwanjo. Makamin da ya aika ƙato barzahu, yau da safar hannu ake lallaɓa shi, kada gumin yatsa ya ji masa ciwo.