A Unguwarmu Komai Ya Zama AI

Mu dai in sabon abu ya shigo gari, sai mun rataya masa laifin kowa. Injin POS ya ƙi fitar da rasit, AI ne, wato ƙirƙirarriyar basira. Amarya ta fito a hoto ta fi ranar kamu haske, AI ne. Aka naɗi muryar ɗan siyasa yana sakin baki, kafin la'asar yaransa sun rantse ƙirƙirarriyar basira ce. Har kalkuletar mai hatsi wani ya sa a sahu.

Nan mai gyaran wayar unguwarmu, wanda ya yi koyonsa a kasuwar waya ta Farm Centre, ya ce a'a, ban da wannan. Kalkuleta abin da aka ɗora mata take yi har ta lalace. Shi kuwa wanda ake ta surutu a kai, dubban misalai ake ɗura masa, ya tsinto ƙa'idar da kansa, ya yi aiki da ita kan abin da bai taɓa gani ba. Wani malamin firamare, da ba ya barin gardama ta wuce shi, ya ce iyakar abin da ake kira AI ma ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. Tun taron Dartmouth na 1956 a Amurka, inda su John McCarthy suka kafa fannin, ake matsar da ita. A 1997 kwamfutar IBM, Deep Blue, ta doke Garry Kasparov a darar Turawa, duniya ta ɗauka. Yau wayar hannu ma sai ta doke shi, ba mai ko ɗaga kai. Google ya sa Hausa cikin fassararsa a 2013, muka sha dariyar kwaɓarsa, ba wanda ya ce basira. Sai da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 yana mayar da magana kamar mutum, sannan muka miƙe zaune.

To ai dole. Mu mutanen baki da kunne ne, ko haka muke faɗa. Tura wa kawu rubutu layi shida, zai kira ka: "Kai, me ka ce ne? Yi min da baki." Amma tafsirin awa biyu a katin waya, zai saurare shi tas, har ya maimaita. Ka tambaye shi, ya ce shi da kunne yake ganewa.

Ba mu kaɗai muke wannan iƙirari ba. Wani malami a New Zealand, Neil Fleming, ya raba masu koyo a 1987: na ido, na kunne, na karatu da rubutu, na taɓawa da hannu. Makarantu suka rungumi abin. A 2008 Harold Pashler da abokansa suka bi binciken da aka yi, ba su sami hujja mai ƙwari cewa koyar da mutum ta hanyar da ya fi so na ƙara masa fahimta ba. Ni dai ban yi mamaki ba. Kawun nan da ke cewa kunne, ta yaya ya yi haddarsa? Ya rubuta a allo da tawada, ya biya wa malam, aka gyara masa wasali, ya yi tilawa har muryarsa ta dushe, sannan ya wanke. Wanne ne bai shiga ba, ido ko hannu? Saurare daɗi ne da shi saboda ba mai ce maka "maimaita".

Alhaji mai yadi na unguwarmu ma ya shiga harkar AI ɗin. Ya ga shuɗin zoben Meta AI a WhatsApp, ya yi masa sallama, ya tambaye shi gida da gajiya, sannan ya kawo masa lissafin gadon wani gida. Amsa ta zo kafin ya ajiye kofin shayi. Bayan isha'i ya kai wa liman.

Liman ya karɓi wayar, ya kife ta a kan tabarma, ya miƙa masa biro da bayan ambulan. "Alhaji, fara fitar min da tumunin matar tukuna."