Asirin Waya a Ƙasar Ɗambatta

Tun da gwamnatin tarayya ta yi umarni, a Disambar 2020, cewa lalle a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, masanan birni suka shiga muhawara kan ko wannan tajassusi ne da shari'a ta hana. Amma a ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, kuma mai waya kan hau tudu ya ɗaga murya har maƙwabta su gyara masa lissafin bashinsa, mas'alar ba ta hana kowa barci ba. Abin da ya wahalar da na'urar hukuma wajen rajistar lambar, alhali dagaci ya san mutum har kakansa, shi ne zanen yatsan manomi, wanda ƙotar fartanya ta riga ta shafe.