Ɗan Aike Mai Neman Digiri a Wall Street

Ɗalibin da ya samu gurbin koyon aiki na mako goma a zauren ciniki na wani bankin Wall Street yakan zaci miliyoyin daloli zai juya. Ina! A Amurka ba a barinsa ya yi wa kowa ciniki sai ya ci jarrabawar Series 7, don haka cikin ayyukansa har da sayo wa dillalai kofi da abincin rana. Wani zai ce wulaƙanci ne. Amma wanda ya kawo wa mutum goma sha biyu abincinsu cikin hayaniya bai cakuɗa ba, ai ya nuna ba zai rikita "saya" da "sayar" ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A nan kuwa, tun daga ledar abinci.