Masu Yanka Suna a Jadawalin Excel

Raba cikakken suna gida uku a jadawalin Excel, wato na yanka, na tsakiya da na zuri'a, aiki ne na kullum a ofishin albashi da ɗakin rajistar makaranta da shagon cike fom. Gidajen nan uku an gina su ne bisa al'adar Turawa, inda kalmar ƙarshe take zama sunan dangi. Bahaushe kuwa nasa yake ɗauka ya haɗa da na mahaifi, in ya ga dama ya liƙa garinsu. A kan wannan saɓani ne masu aikin suka kasu iri-iri.

Dattijon cikinsu shi ne mai sake bugawa da hannu. Bai yarda da dabarar na'ura ba. A ba shi sunaye dubu biyu, sai ya gyara zaman tabarau, ya yi bisimilla, ya kama da yatsa biyu. Ba ya kuskuren rabo, domin ya san Nana A'isha suna ɗaya ne. Sai dai kafin la'asar ido ya gaji, Habibu ya koma Habiba.

Kishiyarsa shi ne mai gaggawa, wanda ya gano umarnin Text to Columns ya ɗauka ya gama boko. Umarnin yana sara duk inda ya ga tazara, ba ruwansa da ma'ana. In ya iske Abubakar Tafawa Balewa sai ya ba kowace kalma gida, jadawali ya yi kyau, alhali Tafawa Balewa gari ne guda a Jihar Bauchi. Muhammadu Buhari kuma ya sami dangi mai suna Buhari, bayan sunan nasa ne na kansa, mahaifinsa Adamu ne. Muƙamai sun fi ɓarna: rabin ma'aikata su wayi gari sunansu na yanka Alhaji, sauran Hajiya da Malam. Excel kan yi gargaɗi cewa akwai bayani a gidajen gefe, shi ko ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, lambobin waya su bi ruwa.

Gwanin fomula ya raina su duka biyun. Yakan saƙa LEFT da MID da RIGHT da FIND cikin jimla mai tsawon da ko shi ba ya iya warware ta washegari. Mutum ɗaya mai suna tilo ya isa ya jefa masa #VALUE!, tazara biyu a jere kuma ta karkatar da lissafin, har sai ya tuna da TRIM. Da aka fito da TEXTBEFORE da TEXTAFTER a 2022, ya ji kamar an rage masa daraja. Abin da ke sanyaya masa rai shi ne tsohuwar kwamfutar ofis ba ta san su ba.

Akwai kuma mai tawakkali. Tun da Flash Fill ya zo a Excel na 2013, misali ɗaya yake bugawa, ya danna Ctrl da E, ya leƙa layuka goma na sama, ya rufe. Abin da ke ƙasa, Allah ya kyauta.

Mafi haɗari bai taɓa yanka suna ba, jerawa kawai yake yi. Yakan zaɓi layin sunaye shi kaɗai ya jera daga A zuwa Z, ya bar lambobin asusu a inda suke. Ba a ganewa sai ƙarshen wata, ranar da masinja ya ji albashin darakta ya shigo masa. Ɗan'uwansa shi ne mai ajiye fayil a matsayin CSV ba tare da zaɓar UTF-8 ba, Ɗanladi ya dawo da alamar tambaya a goshi. 'Yar'aduwa ma bai tsira ba, don Excel na ɓoye waƙafin sama da aka fara bugawa a gida.

A bisansu duka akwai oga, wanda da safe yake son sunan dangi a gaba da manyan baƙaƙe da waƙafi, da rana ya ce wa ya ba da wannan umarni.

Shi kansa mai sunan ba a bar shi a baya ba. A banki shi ne Sani Musa Bichi, a makaranta Musa Sani, a katin ɗan ƙasa Muhammad Sani Musa, kuma ya rantse duk shi ne. Tun 2021 hukumar JAMB ke buƙatar lambar NIN kafin rajista, kuma daga bayanan NIN ɗin take ɗauko suna yadda aka jera shi. Wanda aka juya wa nasa, gyara sai ya bi layi, ya biya kuɗi, sau da yawa har da takardar rantsuwa daga kotu.